Waƙa da Kufai: Yadda Ya Kamata Mu Koyar da Nana Asma'u

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wani abu da ya faru gare ni a garinmu Ɓaɓura. A lokacin wani dogon hutu an roƙe ni in riƙa taimaka wa ɗaliban wata makarantar sakandare da darasin Hausa. Ran nan muka zo kan rubutacciyar waƙa, sai na tambaye su, "Wace ce Nana Asma'u?" Aji ya yi tsit. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, sunan makaranta ne." Wani yaro da ya fi su ƙoƙari ya miƙe ya ce 'yar Shehu ce, an haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Na ce madalla, a ina aka haife ta? Ya ce Ɗegel. Na ce ina ne Ɗegel, gabas take da mu ko yamma? Nan fa ido ya raina fata.

Ban ga laifin yaran nan ba, domin ni ma haka aka koya mini. An ba mu suna da shekara biyu, ta haihuwa da ta rasuwa, muka haddace, muka zuba a takardar jarrabawa, muka manta. To, a wannan ɗan rubutu ina so in nuna cewa waƙoƙin Nana Asma'u a ɗaure suke da wurare, kuma wanda bai san wuraren ba, rabin waƙar kaɗai ya ji. Zan bi tarihinta gari gari, sa'an nan in duba yadda ita kanta ta koyar, daga ƙarshe in kawo shawara game da abin da malamin Hausa zai iya yi, ko da kuwa a ƙauyen da ke bakin iyaka yake.

Rayuwarta Gari Gari

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel, wadda take cikin ƙasar Gwadabawa ta Jihar Sakkwato a yanzu. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tagwaye aka haife su ita da Hassan, amma maimakon a sa mata Husaina kamar yadda aka saba, sai Shehu ya sa mata Asma'u. Ɗegel a lokacin nan ba birni ba ce mai ganuwa, zango ne na malamai da almajirai, inda mata ke karatu kamar yadda maza ke yi. A nan ta fara allo, a nan kuma kunnenta ya saba da waƙar wa'azi, domin Shehu da ƙanensa Abdullahi duk mawaƙa ne.

A watan Fabrairu na 1804, sa'ad da zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Asma'u ba ta wuce shekara 11 ba a lokacin. Cikin watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara. Amma kafin shekarar ta fita sai aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda aka ruwaito cewa cikin waɗanda suka kwanta dama har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Daga nan yunwa da neman abinci suka kora jama'a zuwa Sabon Gari a ƙasar Zamfara, sa'an nan suka gangara Gwandu a 1805, inda aka sake shan wuya a yaƙin Alwasa. Sai a 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, Yunfa ya mutu a wurin. A 1809 Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato. Shehu ya zauna a Sifawa yana karantarwa, ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can a 1817.

Mai karatu ya lura, duk wannan yawo da yarinya aka yi shi, tana gani da idonta. Ta ga gudun hijira, ta ga yunwa, ta ga matan da aka bari da marayu. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Lokacin da Baturen nan Kilabatan ya zo Sakkwato a 1824, Giɗaɗo ne ya karɓi baƙuncinsa. Bayan haka Bello ya gina ribaɗi a Wurno, arewa maso gabas da Sakkwato, ya fi zama a can, kuma a can ya rasu a 1837, shekara guda bayan yaƙin Gawakuke. Asma'u ta yi masa marsiyya. Ta rayu bayan mijinta ma, har ta kai shekara 70 da 'yan kai, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, cikin birnin Sakkwato.

Waƙar da Ta Zama Taswira

Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya kai 60. Akwai na wa'azi kamar "Goɗaben Gaskiya", akwai na begen Annabi, akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani domin sauƙin haddacewa, akwai "Tawassuli ga Mata Masu Albarka" inda ta lissafa salihan mata tun daga iyalan gidan Annabi har zuwa matan zamaninta. Ita ce kuma ta mayar da "Tabbat Haƙiƙa" ta Shehu daga Fulatanci zuwa Hausa, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi.

Amma wadda ta fi dacewa da maganarmu ita ce "Waƙar Gewaye", wadda asalinta da Fulatanci aka yi ta kafin a mayar da ita Hausa. Sunanta ma kaɗai ya isa shaida. Waƙa ce da ke bin sawun Shehu da jama'arsa, zango bayan zango, yaƙi bayan yaƙi, har zuwa zamanin Bello. Idan aka ba ɗalibi ita a takarda ba tare da taswira ba, sai ya ga jerin sunaye ne kawai masu wuyar faɗa, ya ƙosa tun bai yi nisa ba. Idan kuwa aka shimfiɗa masa taswira, ya ɗora yatsa a Ɗegel, ya ja shi yamma zuwa Gudu, ya komo gabas zuwa ƙasar Gobir, ya gangara Zamfara, ya karkata zuwa Gwandu, ya hauro Sifawa da Sakkwato, sai ya gane da kansa abin da ya sa aka kira ta gewaye. Zai kuma tambayi kansa, yaya mata da yara da tsofaffi suka yi wannan tafiya a ƙasa, cikin rani da damina? Daga wannan tambaya darasin adabi ya fara.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin malamanmu na zaure. Duk wanda ya karanci waƙoƙin Larabawa na zamanin Jahiliyya, irin su ƙasidar Imru'ul Ƙaisi, ya san cewa mawaƙi yakan buɗe ne da tsayawa a kufai, ya dubi gurbin murhu da turakun da aka bari, ya tuna waɗanda suka tashi. Ashe tun can waƙa da kufai abokan juna ne. Mu ne muka raba su da muka shigar da waƙa aji muka rufe ƙofa.

Yadda Ita Kanta Ta Koyar

Abin sha'awa shi ne, Nana Asma'u ta riga mu gano matsalar da muke kuka da ita. Bayan an gama yaƙe-yaƙe, ƙauyuka sun cika da matan da ba su san farillan alwala ba, da yawansu kuma bori suka tashi suka tarar. Ba za su iya barin gidajensu su zo Sakkwato ko Wurno su zauna karatu ba. To, a zamanin Bello sai ta ɓullo da tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi mace dattijuwa mai hankali da amana daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle a naɗe a kanta alamar muƙami. Kalmar jaji daga ayarin fatake aka aro ta, watau mai shiga gaba. Malfar kuwa, masana sun nuna cewa irinta ce Innar Gobir, shugabar 'yan bori, take sawa. Ke nan ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani, suke girmamawa, ta juya ta zuwa ga ilmi.

Jaji takan taso da ayarinta, 'yan mata ƙanana da tsofaffin da suka gama haihuwa, su yi tafiyar ƙasa zuwa wurin Asma'u, su zo da ɗan abin sadaka, su koyi waƙa da ka, a warware musu ma'anarta, su koma gida su koya wa matan aure da ke tsare. Waƙar ita ce littafin, muryar jaji ita ce maɗaba'a. Asma'u ba ta raina waɗannan mata ba, domin har marsiyya ta yi wa wata jajinta mai suna Hauwa'u. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, kuma har zamanin da aka yi bincike a ƙarni na 20 an tarar da mata suna zuwa Hubbare ƙarƙashin jajojinsu.

Mu duba da kyau, abu uku ta haɗa: tafiya zuwa wurin da ilmi yake, abin koyarwa wanda za a iya ɗauka a koma da shi gida, da kuma mutumin gari wanda zai ci gaba da darasin. Abin da masana ilmin koyarwa ke kira ziyarar gani da ido da kayan aikin aji, ga shi nan wata baiwar Allah ta tsara shi tun kafin Turawa su ci ƙasar nan a 1903.

Yadda Ayyukanta Suka Iso Aji

Takardun Asma'u sun tsira ne a gidan Wazirin Sakkwato, wurin zuriyarta. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, jikan gidan ne, kuma shi ya buɗe wa Jean Boyd taskarsa. Wannan Baturiya ta zo Nijeriya a 1955, ta yi shekaru tana koyarwa a Sakkwato, ta fitar da tarihin Asma'u da Turanci a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a Amurka, da matanin asali da fassara da sharhi. Kafin wannan, Mervyn Hiskett ya fitar da littafinsa kan tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa a 1975. A gida kuma Bello Sa'id ya tattara waƙoƙin masu jihadi a kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Bayero a 1978, Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da "Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Da Da Na Yanzu" a 1979.

Saboda haka ba za a ce babu kayan aiki ba. Matsalar ita ce, mafi yawansu suna ɗakunan karatu na jami'o'i, wasu da Turanci, wasu da tsadar da malamin sakandare ba zai iya ba. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba, in ji masu iya magana. Amma a nan an tona rijiyar, guga ne babu.

A wasu ƙasashe sun daɗe da gane amfanin gidan mawaƙi. A Ingila, tun 1847 aka tara kuɗi aka sayi gidan da aka haifi Shakespeare a garin Stratford domin a adana shi, kuma 'yan makaranta na zuwa can ayari ayari. A Masar, gidan Ahmad Shauƙi da ke Giza a bakin kogin Nilu an mayar da shi gidan tarihi a 1977, da littattafansa da rubutun hannunsa. Mu da muke da Hubbare da Sifawa da Wurno, da gidan adana tarihi mai sunan Waziri Junaidu a Sakkwato, me ya hana mu?

Daga Ɓaɓura Zuwa Hubbare

Na san abin da malami zai ce. Daga Ɓaɓura zuwa Sakkwato tafiyar yini guda ce a mota, kuɗin mai ya yi tsada, iyaye ba za su saki 'ya'yansu mata su kwana a hanya ba. Bayan wannan ga babbar magana, watau rashin tsaro. Kufan Alƙalawa yana ƙasar Sabon Birni, wadda ta sha fama da 'yan bindiga, a 2024 kuma aka yi ta jin labarin Lakurawa a ƙasashen Gudu da Tangaza. Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a jefa yara cikin haɗari domin darasi. Sai dai akwai abin tunani a nan. Ƙasar da Asma'u ta gani cikin tashin hankali tana yarinya, ita ce ke cikin tashin hankali bayan shekara 200. Idan muka bar hanya ta rufe, sa'an nan muka bar labarin ma ya rufe, asarar ta zama biyu.

Shawarata ita ce a fara daga gida. Ɗalibin Ɓaɓura ko Roni ko Gwiwa yana zaton jihadi abu ne da ya faru can nesa, alhali ga Kazaure kusa da shi. Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure, mutumin zamanin Asma'u ne. Ya taimaki masu jihadi a ƙasar Kano, daga baya ya ƙi yin mubaya'a ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado a 1819. Aka yi shekaru ana fafatawa, har Sarkin Musulmi Bello ya raba gardama, ya tabbatar wa Kazaure da 'yancinta. Wannan Bello shi ne wan Asma'u da ta yi wa marsiyya, Wazirinsa kuma, wanda al'amuran Kano da sauran masarautun gabas ke hannunsa, shi ne mijinta. Kilabatan ma, kafin ya isa gidan Giɗaɗo, ya rubuta labarin Ɗan Tunku da ya ji a hanyarsa daga Kano. Ashe ke nan malamin da ya kai ɗalibansa Kazaure da safe, suka ga fada, suka zauna gaban dattawan da suka san tarihin gari, suka komo da la'asar, ya riga ya ɗaura musu zare wanda ɗaya bakinsa ke Sakkwato.

Na biyu, a kawo wuraren cikin aji. Ba sai an jira gwamnati ba. Ɗalibai da kansu su zana taswirar gewayen a kan kwali ko buhun siminti, su sa shekara a gefen kowane gari, a kafa ta a bango. A samo hoton shafi guda na waƙar da ajami a ajiye kusa da na boko. Yawancin yaranmu sun yi makarantar allo, za su yi mamakin ganin cewa baƙaƙen da suka sani su ne mawaƙiyar ta yi aiki da su. A sa su kwafi baiti biyu ko uku a allo da tawada da alƙalamin kara, domin hannu ya ɗanɗana abin da marubutan dā suka sha. A kawo malfa a ajiye a kan tebur ranar da za a yi darasin 'Yan Taru.

Na uku, a rera waƙar. Waɗannan waƙoƙi an gina su a kan ma'aunin aruli domin kunne, ba domin ido ba. Karanta su kamar labarin jarida zalunci ne. A kowane gari akwai malama ta Islamiyya ko wani dattijo mai muryar wa'azi. A gayyato su aji, ko a ɗauki muryarsu a waya. Wayar nan da muke kuka ta ɗauke hankalin yara, ita ce za ta iya kawo musu hoton Hubbare da kwarin Rima a Wurno.

Na huɗu, wanda ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan wannan ƙungiya. Mu ne ya kamata mu zama jajojin wannan zamani. Idan ƙungiya ta shirya ziyara zuwa birnin Sakkwato, bayan an bincika lafiyar hanya, kada a tafi yawon buɗe ido kawai a dawo da hotunan fuska. A raba aiki tun daga gida: wasu su ɗauki hoto inda aka yarda a ɗauka, wasu su yi hira da masu kula da wurin cikin ladabi, wasu su nemi izinin ganin rubuce-rubucen ajami. A tuna Hubbare makwanci ne na bayin Allah, a shiga da natsuwa da suturar kirki. In an dawo a haɗa ɗan ƙaramin littafi da Hausa mai sauƙi, da taswira da hotuna da bayanin kalmomi masu wuya, kowane ɗalibi ya tafi da shi makarantar garinsu lokacin hutu. Malamanmu kuma muna roƙonsu su duba mana shi kafin ya fita, domin kada mu yaɗa kuskure.

Kammalawa

Kafin hutun nan ya ƙare na gwada kaɗan daga abin da na faɗa. Muka zana taswira a bango da alli, muka bi hijira zango zango. Da muka iso Gudu na gaya musu shekarun Asma'u a lokacin, sai yarinyar nan da ta ce sunan makaranta ne ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, ashe ban ma kai ƙanwata ba ta kai." Ta gyara maganar da kanta cikin dariyar 'yan aji, ta ce nufinta Asma'u sa'ar ƙanwarta ce. Daga ranar ba ta sake rasa amsa a kan wannan darasi ba, har ta zo tana tambayata ko su ma matan Ɓaɓura na dā sun taɓa zuwa Sakkwato da ƙafa. Na ce mata ta je ta tambayi kakarta, ta rubuto mana abin da ta ji.

Wannan hanya ba ta Nana Asma'u kaɗai ba ce. Sa'adu Zungur yana da Bauci, Aliyu Namangi yana da Zariya, Mu'azu Haɗeja kuwa ɗan jiharmu ne. Kowane ɗayansu akwai unguwar da ya taka, da masallacin da ya yi salla, da tsofaffin da suka ji labarinsa daga bakin waɗanda suka gan shi. Tsofaffin nan kullum raguwa suke yi, kufai kuma kowace damina ruwa na cinsa. In ba mu tashi yanzu ba, wata rana za a nemi mai nuna wurin a rasa.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da iyayenta da malamanta, ya ba mu ikon ɗaukar abin da suka bari mu kai inda bai kai ba. Amin.